Kafin Ki Biya Kuɗin Tsohuwar Kyamara Mai Ido Biyu

Yau filin namu zai ɗan bar madafa da keken ɗinki, ya leƙa wata sana'a da aka daɗe ana ɗauka ta maza ce, watau ɗaukar hoto.

Mu mutanen ƙasar Gwiwa, da maƙwabtanmu na Roni da Kazaure da Ɓaɓura, mun san gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa mai hoto namiji iyakarsa ƙofar gida. Alhali kuwa suna da kamu da sa lalle duk a ciki ake yin su. Wayar hannu ta toshe wannan giɓi, amma sau nawa kika ji an sace waya, ko ta faɗa ruwa, hotunan shekara biyar suka bi ta? Ga hoton kakarki kuwa, baƙi da fari, wanda aka ɗauka tun muna cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, har yau yana nan ƙasan akwati, ana iya ƙirga duwatsun wuyanta. Da yawa daga irin waɗannan hotuna da kyamara mai babban fim aka ɗauke su, irin wadda mai hoto ke rataye wa a wuya, ya sunkuya yana leƙa ta daga sama.

Irinta ce wasu 'yan mata suka fara sha'awa yanzu, musamman da samarin Turai da Amurka da Japan suka koma wa fim, farashinta ya tashi. Ana samunta wajen tsofaffin masu hoto a Kazaure da Daura, ko wajen masu kayan gwanjo a Kano, ko cikin kayan gado. To, idan kuɗin adashinki za ki zuba, ko akuyarki za ki sayar, ki fara sanin cewa sabuwa ba ta cikin lissafi. Wadda aka fi gani, Yashica Mat-124G ta Japan, an yi ta ne daga 1970 zuwa 1986. Kamfanin Kyocera da ya saye Yashica a 1983 shi ma ya bar ƙera kyamara a 2005. Watau ƙaramar cikinsu ta girme ni, kuma in wani abu ya karye ba kantin da za ki je ki sayo sabonsa. Haka Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fara fitowa a 1929, da Lubitel ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016, ya yi aiki da Rolleiflex, kuma shi kansa mai gyaran kyamara ne. Mu nan ba mu da irinsa a bayan gida, saboda haka idonki da kunnenki su ne makanikinki.

Fim ɗinta sunansa 120, kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901, kuma har yanzu ana yin sa. Faɗinsa wajen santimita 6 ne, yana naɗe da takarda a jikin kwarkwaro kamar zare. Naɗi ɗaya hoto 12 yake bayarwa a kyamara mai ido biyu, kowanne ya ninka na ƙaramin fim fiye da sau uku da rabi. Abin da ya sa ke nan ake faɗaɗa hoton ya cika bango bai dushe ba. Ki tambaya tun farko, 120 take ci? Akwai tsofaffin Kodak masu cin fim 620, wanda aka daina yi a 1995. Fim ɗin iri ɗaya ne amma kwarkwaronsa ya fi siriri, na 120 ba ya shiga. Wannan ki bar wa masu ajiye kayan tarihi.

Kada ki aiki yaro ya sayo miki. In ba ki fita, ki sa maigida ko dillaliya su kawo miki ita gida ta kwana, ki duba ta da rana a tsakar gida, da tocila a hannu.

Ki fara da jikinta. Gogewar fenti ba komai ba ce, alamar aiki ce. Abin tsoro shi ne lotsewa, musamman a gaba inda idanun suke. Ki murɗa makunnin saiti, fuskar ta fito waje ta koma ciki, ki ga ko tana tafiya daidai ta kowane gefe ba tare da cijewa ba. Fuskar da ta karkace saboda faɗuwa za ta ba ki hoto rabi tas rabi dishi-dishi har abada. Sai ki dubi kan sukurorin. In sun cinye, wani ya taɓa buɗe ta da abin da bai dace ba, kuma ba lalle ne ya mayar da duk abin da ya ciro ba. Kana ki buɗe bayanta ki shinshina. Hancin mace ba ya ɓata warin ɗakin da damina ta jiƙa. In kin ji shi, ki ƙara sa ido a kan abin da ke biye.

Idanun nan biyu ba aikinsu ɗaya ba. Na sama na leƙe ne kawai, na ƙasa shi ke ɗaukar hoto. Saboda haka ɗan tabo a na sama abin neman ragi ne, amma a na ƙasa abin tunani ne. Ki kai ma'aunin sauri kan harafin B, ki kai ma'aunin haske kan ƙaramar lamba, yawanci 3.5, ki ɗana, ki danna maɓalli ki riƙe. Muddin yatsanki na kai idon zai tsaya a buɗe. Ki haska tocila ta gaba a karkace, ki leƙa ta baya. Za ki ga 'yan ƙwayoyin ƙura, kada su dame ki. Ba kyamarar da ta sha hunturun ƙasar nan ta fita ba ƙura, kuma ba ta fitowa a hoto. Amma in kin ga zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce ta tsiro cikin gilashi. In ta daɗe takan ci fatar gilashin, ko an wanke tabon na nan. In kuwa gilashin ya yi fari-fari kamar sararin sama ran da hazo ya sauka, hotonki ma haka zai fito, ba baƙi ba fari. Wani lokaci za ki ga launin bakan gizo a gefe, alamar gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya saki, wannan kuwa gyaransa ya fi kuɗinta.

Akwai wata ɓarna da mu muka fi kowa yi, ita ce goge gilashi da bakin zane ko gyale. Ƙurar hunturu rairayi ce, in aka murza ta sai ta bar dubban ƙananan zane a zagaye. Kwarzane ɗaya babba a gaba bai kai waɗannan illa ba. In mai sayarwa ya kama gefen rigarsa zai goge miki ita don ta yi ƙyalli, ki ce masa ya bari, kin gode.

Daga nan sai ƙyauren da ke cikin idon, wanda masu hoto ke kira shota. Shi ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido, kuma shi ne zuciyar kyamara. Za ki ga lambobi 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125, 250, 500, ko kuwa 1, 2, 5, 10, 25, 50, 100 a tsofaffi. Lamba 1 sakan ɗaya ce cur, 2 rabin sakan, haka har 500, watau kashi ɗaya cikin 500 na sakan. 'Yan aji shida, ga amfanin lissafin da kuke gudu. Ki fara da 1, ki kara ta a kunne ki danna. Lafiyayya za ta yi ɗan kuka siriri ba yankewa, ta rufe kafin agogo ya buga na biyu. In ta yi ja, ta tsaya, ta sake ja, ko ta buɗe ta ƙi rufewa, man da ke ciki ya daskare. Yawanci ƙananan lambobin ne ke fara mutuwa. Ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya kina kallon haske ta baya, kowace ta fi ta bayanta sauri. Kowace lamba ki gwada ta sau uku, don akwai mai yi a na farko ta ƙi a na uku. Ki kuma dubi ganyayen ƙarfen ƙyauren, su kasance a bushe. Ƙyallin mai a jikinsu ciwo ne, ba gata ba, don haka kada wani ya ba ki shawarar ɗiga man keken ɗinki.

Wani gargaɗi ga mai Yashica: akwai ɗan hannu mai jinkirta ɗauka, don mai kyamara ya ruga ya shiga hoton. Kada ki taɓa shi in ɗan makunnin fitila yana kan M, sai yana kan X, in ba haka ba ƙyauren na iya cijewa. Ni shawarata ma, a tsohuwar kyamara ki bar shi yadda kika same shi.

Yanzu ki buɗe murfin sama ki leƙa. Za ki ga dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Ba lalacewa ba ce, aikin madubi ne, duk haka suke. Ki fuskanci abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko kan kuka, ki murɗa saiti har ya fito tas. Ya kamata makunnin ya tsaya kan alamar nan mai kama da 8 a kwance. Amma fitowa tas a sama ba ta tabbatar da idon ƙasa ya yarda da na sama, kuma wannan shi ne aibin da ya fi ɓuya. Ga dabararsa. Ki sami takarda mai shara-shara, irin wadda ake kwafar taswira da ita, ki shimfiɗa ta sosai a bakin ramin baya inda fim ke kwanciya. Ki mayar da ita kan B, ki lulluɓa mayafi don duhu, ki danna ki riƙe. Hoton zai bayyana a takardar, kai a ƙasa. In ya yi tas a sama ya yi tas a takarda, idanun sun daidaita. Ki sake gwadawa da abu na kusa, kamar taku uku, misali kalanda a bango.

Sauran na cikin baya ba su da wuya. Ki tabbata akwai kwarkwaro ɗaya wanda ba komai a jikinsa, don a kansa fim ke naɗewa. Ƙananan sandunan da fim ke bi su riƙa juyawa, ba tsatsa, don tsatsa kan ja layi tun daga hoto na 1 har na 12. In farantin da ke danne fim yana da 12 da 24, ki bar shi kan 12. Baƙin soson da ke gefen murfi kuwa zafin ƙasarmu kan narkar da shi ya koma kamar kwalta, haske ya riƙa satar shiga. Wannan gyara ne mai sauƙi, ki nemi ragi a kansa, kada ki fasa. In kyamarar mai zuga-zugi ce irin na maƙera, kamar Mamiya, ki shiga ɗaki mai duhu ki sa tocila a ciki, ki ga ko haske na tsiyaya ta lungunan.

Na'urar auna hasken da ke goshin Yashica sau da yawa ta mutu, batirinta na asali ma mai sinadarin makuri ne, an daina yin sa. Ba abin damuwa ba ne, kyamarar ba ta bukatar batir don ɗauka. Da rana tsaka, da fim mai lamba 100, ki sa haske kan 16, sauri kan 125. A inuwar zaure ko rumfa ki sauko 5.6.

Duk wannan dubawa ba ta kai gwaji da fim ɗaya ba, don shi kaɗai zai nuna ko hotuna na hawa kan juna, ko haske na shiga. Ki ba da kafin alƙalami gaban shaidu, bisa sharaɗin in fim ya fito da aibi za ki mayar. Shari'a ta yarda da ciniki bisa zaɓi na 'yan kwanaki, mai gaskiya kuma ba zai ƙi ba. Wanda ya ce "in kin taɓa kin saya", ki ce masa Allah ya kawo kasuwa. Wajen gwajin, ki tsayar da yaro riƙe da allo, ki rubuta lambar sauri da ta haske da alli a kowane hoto, ta haka za ki gane wadda ke ƙarya.

Abin da ya kamata ki warware tun kafin kafin alƙalamin shi ne inda za ki sami fim da wanda zai wanke. Kodak da Ilford ta Ingila da Foma ta ƙasar Cek suna yin 120, amma daga waje yake zuwa, da kuɗin waje, kuma shagunan hoto da yawa sun koma buga na waya. Ki sa a tambayo miki tsofaffin masu hoto na Kazaure da Kano, a kawo miki amsa tabbatacciya da farashi. Mai neman ribar yau da gobe a gidan biki, gaskiya wayar ko kyamarar zamani ta fi mata. Wannan ta mai son hoto 12 ne waɗanda jikoki za su gani. Baƙi da fari ana iya wanke shi a gida da ɗan tulu na musamman mai hana haske shiga, da ruwan magani iri biyu, mai fito da hoto da mai kafe shi. Ruwan yana son sanyin digiri 20, wanda a bazarar Gwiwa sai an haɗa da randa da ƙanƙara, amma a watan Disamba da Janairu ruwan da ya kwana a waje kan kai kusa da haka da asuba. Fim ɗin da ba ki ɗauka ba ki ajiye shi a wuri mai sanyi, kyamarar kuma ki fitar da ita daga jakar fatarta da damina, don fata na riƙe laima.

Sai mun sake saduwa a wannan fili.