Ideyal Tushe da Ma'anar Dimansiyo a Ilimin Zobba

0. Gabatarwa

Ɗalibin lissafi yakan koya tun da wuri cewa dimansiyon ɗigo 0 ne, na layi 1, na shimfiɗa 2, na sarari 3. Ido ne ke ba shi wannan sani. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: in aka ajiye ido da magwaji, aka bar tarawa da ninkawa kaɗai, ta yaya za a gane dimansiyo? Amsar da Wolfgang Krull (1899-1971) ya bayar ita ce a ƙirga matakan wata sarƙa. Za mu bi amsar daki-daki. Kalmomin fanni da muka yi aiki da su wasu aro ne, wasu ƙira, kuma mun sa na Faransanci kusa da su a karo na farko.

1. Zobe da ideyal

Zobe (anneau) tari ne na abubuwa da ake iya tarawa, a ɗebe, a ninka, ba tare da sakamakon ya fita daga tarin ba. A nan muna magana ne a kan zobba masu musanya kawai, watau inda ab = ba, masu ɗauke da 1. Ga misalai:

(1) a. Z, cikakkun lambobi: 0, 1, -1, 2, -2, ...
b. K, jiki (corps): zoben da ake iya rabawa da kowane ɗansa in ban da 0, kamar Q, R da C.
c. K[X,Y,Z], folinom masu harafi uku a kan jiki K.

Ideyal kuwa wani ɓangare ne I na zobe, wanda jimillar ƴaƴansa biyu ba ta fita daga cikinsa, kuma in aka ninka ɗansa da kowane ɗan zobe sakamakon yakan faɗo cikin I. Alal misali, duk ninkin 6 a cikin Z ideyal ne, ana rubuta shi (6).

Matsala ce ta haifi wannan ma'ana. A cikin Z kowace lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya take kasuwa zuwa lambobin tushe (nombres premiers). A wasu zobba abin ba haka yake ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne Z[√-5]:

(2) 6 = 2 × 3 = (1 + √-5)(1 - √-5)

Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ke ƙara rabuwa, ga shi kuma hanyoyin biyu sun sha bamban. Ernst Kummer ya gamu da irin wannan a shekarun 1840, ya ƙirƙiro "lambobin ideyal" don magance ta, sa'an nan Richard Dedekind ya mayar da su ideyal a 1871. In muka ce P = (2, 1+√-5), Q = (3, 1+√-5), Q' = (3, 1-√-5), to (2) = P², (3) = QQ', (1+√-5) = PQ, (1-√-5) = PQ'. Ko ta wace hanya aka bi, (6) = P²QQ'. Kasuwar da ta watse a lambobi ta koma hanya ɗaya a ideyal.

2. Ideyal tushe

Ideyal P, wanda bai cinye zoben duka ba, tushe ne (idéal premier) in ya cika wannan sharaɗi: duk sa'ad da ab ke cikin P, to a na cikin P ko b na cikin P. A cikin Z, (7) tushe ne. (6) ba tushe ba ne, domin 2 × 3 na cikinsa, alhali 2 ba ya ciki, 3 ma ba ya ciki. (0) ma tushe ne, tun da ninkin lambobi biyu ba ya ba da 0 sai ɗayansu 0 ne.

Akwai fassara biyu da ya kamata a guje wa. "Na farko" bin harafin Faransanci ne kawai, ba ya faɗin kome game da sharaɗin. "Marar rabuwa" kuwa sunan wata ma'ana ce dabam (irréductible). A cikin Z[√-5], 2 marar rabuwa ne, domin babu cikakkun lambobi a da b da za su ba da a² + 5b² = 2. Amma ideyal (2) ba tushe ba ne: yana ɗauke da ninkin (1+√-5)(1-√-5) = 6, bai ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wanda ya haɗa ma'anonin nan a suna ɗaya ya rufe wa ɗalibi ainihin abin da ya sa aka ƙirƙiro ideyal.

3. Sarƙa da dimansiyo

Sarƙa jerin ideyal tushe ne, kowane na cikin na gabansa kuma ya gaza shi:

(3) P0 ⊂ P1 ⊂ ... ⊂ Pn

Tsawonta n ne: matakai ake ƙirgawa, ba ideyal ɗin ba. Dimansiyon Krull na zobe shi ne iyakar tsawon da sarƙoƙinsa ke kaiwa. Tsayin P (hauteur) kuma shi ne iyakar tsawon sarƙoƙin da suka ƙare a kan P.

(4) a. Jiki K: (0) kaɗai. Dimansiyo 0.
b. Z: (0) ⊂ (7). Dimansiyo 1.
c. Z[X]: (0) ⊂ (2) ⊂ (2,X). Dimansiyo 2.
d. K[X,Y,Z]: (0) ⊂ (X) ⊂ (X,Y) ⊂ (X,Y,Z). Dimansiyo 3.

Misali (4d) ne ya maido mu ga ido. A tambayi kowane ideyal wurin da duk folinom ɗinsa ke zama 0. Ga (0), sarari ne baki ɗaya. Ga (X), shimfiɗar X = 0. Ga (X,Y), layi. Ga (X,Y,Z), ɗigo. Gwargwadon yadda ideyal ke ƙaruwa, haka wurin ke tsukewa, kowane mataki kuma na rage dimansiyo ɗaya. Ƙa'idar sifirai ta David Hilbert (1893) ce ta tabbatar da wannan dangantaka a kan jiki irin C.

Daga nan abu biyu suka fito. Na ɗaya, dimansiyo ba girma ba ne: ƴaƴan R sun fi na Z yawa, amma dimansiyon R 0 ne, na Z 1. Na biyu, Z da K[X] dimansiyonsu ɗaya, don haka lambobin tushe suna tsayawa matsayin ɗigo a kan layi. Z[√-5] ma dimansiyonsa 1 ne, bisa ga ƙa'idar Cohen da Seidenberg ta 1946, wadda ta nuna ƙarin zobe irin wannan (extension entière) ba ya sauya dimansiyo.

4. Sharaɗin Noether da ƙa'idar Krull

A 1921 Emmy Noether ta ware zobban da duk jerin ideyal mai hauhawa a cikinsu dole ya tsaya. Wannan daidai yake da a ce kowane ideyal na da masu haifarwa ƙidayayyu. Ana kiransu zobban Noether. Z da kowane jiki na cikinsu, kuma ƙa'idar Hilbert ta 1890 ce tushen sanin cewa in A na Noether ne, A[X] ma haka.

A 1928 Krull ya tabbatar da cewa a zoben Noether, in P ideyal tushe ne mafi ƙanƙanta a kan (f), to tsayin P bai wuce 1 ba. In masu haifarwa r ne, tsayin bai wuce r ba. Ma'anarsa a zane ita ce: daidaito ɗaya f = 0 ba ya rage fiye da dimansiyo ɗaya. Daidaito ɗaya a sararin C³ ba zai bar ɗigo tilo ba. Tun da kowane P na da masu haifarwa ƙidayayyu, tsayinsa na da iyaka. Haka kuma a waɗannan zobba dim A[X] = dim A + 1.

5. Inda zato ke karyewa

Na farko, sarƙoƙin da ba sa karɓar ƙari ba lalle tsawonsu ya zo ɗaya ba. A ɗauki K[X,Y,Z]/(XZ,YZ), watau shimfiɗar Z = 0 da layin X = Y = 0 ya huda. Sarƙar (Z) ⊂ (Z,X) ⊂ (X,Y,Z) matakinta 2, ta (X,Y) ⊂ (X,Y,Z-1) kuwa 1, kuma babu wadda za a iya tsawaitawa. Masayoshi Nagata ya nuna a 1956 cewa ko tsakanin ideyal tushe biyu tsayayyu, a zoben Noether, ana iya samun wannan saɓani.

Na biyu, iyakar tsayin kowane P ba ta hana zoben rasa iyaka. A littafinsa na 1962 Nagata ya kasa haruffa marasa iyaka rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fi na bayansa yawa, ya gina zoben Noether wanda tsayin manyan ideyal ɗinsa ke ta ƙaruwa, dimansiyonsa ba iyaka.

Na uku, in aka cire sharaɗin Noether, ƙarin harafi ɗaya na iya ƙara fiye da mataki ɗaya. Abraham Seidenberg ya nuna a 1953 da 1954 cewa in dim A = n, dim A[X] na tsakanin n + 1 da 2n + 1, kuma kowane adadi da ke tsakani ana samunsa. Paul Jaffard ya faɗaɗa wannan bincike a 1960.

6. Kammalawa

Mun ga dimansiyo ƙidayar matakai ce a sarƙar ideyal tushe, ta yi daidai da abin da ido ke gani a folinom, ta kuma kai inda ido ba ya kaiwa, kamar Z. A kan wannan ne Alexander Grothendieck, tare da Jean Dieudonné, ya ɗora ginin da suka fara bugawa a 1960, inda ideyal tushe na kowane zobe A suka zama ɗigogin wani sarari, Spec A. Mai koyar da wannan fanni da Hausa sai ya kiyaye sunaye huɗu: tsawo na sarƙa, tsayi na ideyal, dimansiyo na zobe, zurfi kuwa a ajiye shi ga ma'anar da Faransanci ke kira profondeur, domin ita ma'auni ce dabam, wanda a wasu zobba yakan gaza dimansiyo.