Ranar Da Mai Gidan Haya Ya Zama Jami'in Shige Da Fice

Duk ɗalibin da ya taɓa rasa gado a ɗakunan kwanan makaranta ya san wahalar neman ɗaki a cikin gari. Mu kam mun sha ta. Ka bi dillali lungu-lungu cikin rana, ka biya shi ladansa, sannan a kai ka gaban mai gida ya dube ka sama da ƙasa ya fara jero tambayoyi: ɗan wane gari ne kai, me kake karantawa, ku nawa za ku zauna, wa zai tsaya maka? Idan amsoshinka sun kwanta masa, kuɗinka kuma sun cika, sai ya miƙo makulli.

A garin Fremont da ke Jihar Nebraska ta Amurka, akwai wani mataki kafin a kai ga makulli. Duk baligin da ke son kama haya sai ya nemi lasisin zama daga ofishin 'yan sandan garin, ya biya dala 5, ya rubuta a fom ko shi ɗan ƙasa ne ko baƙo. In ya sauya gida, sai ya sake neman wani. An yi dokar ne domin hana baƙin haure samun wurin kwana, da tunanin cewa wanda bai samu inda zai sa haƙarƙarinsa ba, da kansa zai tattara ya bar gari.

Mun ga ya dace mu duba irin waɗannan dokoki saboda da yawa daga cikinmu na da burin ƙaro karatu a waje, kuma ranar da mutum ya sauka, abu na farko da zai nema shi ne ɗaki. Shekara kusan ashirin ke nan ana gwada su, saboda haka akwai abin dubawa: shin sun kori baƙin hauren, ko kuwa wasu daban suka ji a jikinsu?

Inda abin ya samo asali

Garin da ya yi suna a wannan harka shi ne Hazleton, a Jihar Pennsylvania. Tsohon garin haƙar kwal ne wanda arzikinsa ya ja baya bayan an rufe ma'adinai. A ƙidayar shekarar 2000 mutanensa ba su wuce dubu 23 da 'yan kai ba, kuma masu asali daga ƙasashen Latin Amurka kusan kashi 5 ne kawai cikin 100. Daga nan sai iyalai suka fara kwararowa daga New York da New Jersey, akasarinsu 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, saboda haya na da araha kuma akwai aiki a rumbunan ajiyar kaya da masana'antar sarrafa nama. Da yawansu suna da cikakkun takardu, wasu ma a Amurka aka haife su. Wasu kuwa ba su da komai.

Bai kamata mu yi wa tsofaffin mazauna garin rashin adalci ba, domin koke-kokensu ba duka ne na banza ba. Azuzuwa sun cika, ana buƙatar malaman da za su koya wa yara Turanci, aikin 'yan sanda ya ƙaru, kuɗin shigar garin kuwa bai ƙaru daidai da haka ba. A watan Mayun 2006 aka harbe wani mazaunin garin har lahira, aka tuhumi wasu baƙi biyu marasa takardu. Daga baya an janye tuhumar, amma kafin nan wuta ta riga ta kama. A watannin Yuli da Agustan shekarar, magajin gari Lou Barletta ya jagoranci majalisar garin ta zartar da dokoki: mai gidan da ya ba baƙon haure haya zai biya tarar dala 1,000, kamfanin da ya ɗauke shi aiki zai iya rasa lasisinsa, kuma kowane ɗan haya sai ya yi rajista ya nuna shaidar izinin zama a ƙasar.

Cikin 'yan watanni garuruwa da dama suka kwaikwayi Hazleton, ciki har da Farmers Branch a Texas, da Riverside a New Jersey, da Escondido a California, da Valley Park a Missouri. Hujjarsu ɗaya ce: gwamnatin tarayya ta gaza tsare iyaka, don haka kowane gari ya tsare ƙofarsa.

Abin da kotuna suka ce

Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a da wasu masu gidajen haya da 'yan haya suka garzaya kotu. A watan Yulin 2007 alƙalin kotun tarayya James Munley ya soke dokar Hazleton. Dalilinsa shi ne, a tsarin Amurka, gwamnatin tarayya ce kaɗai ke da hurumin cewa wane ya zauna a ƙasa, wane ya fita. Ƙaramin gari ba shi da ikon kafa tasa hukumar shige da fice ta bayan gida. Akwai kuma matsalar tantancewa. Izinin zama iri-iri ne: akwai mai neman mafaka da ke jiran hukunci, akwai wanda bizarsa ta ƙare amma ya riga ya nemi sabuntawa, akwai wanda kotu ta hana a kore shi. Lauyoyi ma sukan yi gardama a kan irin waɗannan, balle mai gida da ke riƙe da ɗakuna huɗu.

Hazleton ta ɗaukaka ƙara, aka yi ta kai-komo har shari'ar ta je Kotun Ƙoli ta dawo. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatar da soke dokar, a watan Maris na 2014 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar Hazleton da ta Farmers Branch. Dokar ba ta yi aiki ko na kwana ɗaya ba. A 2015 aka umarci garin ya biya kusan dala miliyan 1.4 kuɗin lauyoyin waɗanda suka kai shi ƙara. Farmers Branch kuwa ta kashe sama da dala miliyan 6 a kan shari'ar dokar da ita ma ba a taɓa aiwatar da ita ba. Kuɗin nan na masu biyan haraji ne, waɗanda da an zuba su a makarantu da 'yan sandan da ake kuka a kansu, da sun rage wani abu. Garin neman gira an rasa ido.

Riverside ba ta jira kotu ba. Da ta zartar da tata dokar a 2006, baƙi da yawa, galibinsu 'yan Brazil, suka kwashe kayansu suka tafi. Sai shaguna da gidajen abinci suka rasa masu saye, gidajen haya suka zama wayam. A watan Satumban 2007 majalisar garin da kanta ta janye dokar. A wannan shekarar ce kuma Jihar California ta yi dokar da ta hana garuruwanta tilasta wa masu gidaje binciken takardun 'yan haya.

Fremont ce ta fita daban. Mutanen garin sun amince da dokar a ƙuri'ar raba gardama ta watan Yunin 2010 da kusan kashi 57 cikin 100, wata kotun ɗaukaka ƙarar ta ce ba ta saɓa wa dokar tarayya ba, ta fara aiki a watan Afrilun 2014. Sai dai a aikace fom ɗin ba ya tattara bayanan da hukumomin tarayya ke buƙata kafin su tantance mutum, don haka abin ya zama biyan dala 5 da cike takarda. Manyan mayankan da ke jawo ma'aikata yankin suna nan suna aiki, mutane kuma na ci gaba da zuwa.

Hazleton fa? A ƙidayar 2010 masu asali daga Latin Amurka sun kai kashi 37 cikin 100, a ta 2020 sun haura kashi 60. Yawan mutanen garin ya doshi dubu 30. Wato garin da ke ta raguwa ya sake cika, kuma waɗanda aka so a tsorata su ne suka cika shi. Shi kuwa Barletta, a 2010 ya ci zaɓen Majalisar Wakilan Amurka.

Ingila ta ɗauka daga sama

Abin da ƙananan garuruwan Amurka suka kasa yi, gwamnatin Birtaniya ta yi shi da dokar ƙasa, kuma a nan ne maganar ta fi kusa da mu, ganin yawan ɗaliban Nijeriya da ke tafiya can. Dokar shige da fice ta 2014, lokacin Theresa May na sakatariyar harkokin cikin gida, ta ɗora wa masu gidajen haya nauyin duba takardun duk wanda za su ba ɗaki. An fara gwajin tsarin a Birmingham da garuruwan da ke kewaye da ita a watan Disamban 2014, aka faɗaɗa shi zuwa Ingila baki ɗaya a watan Fabrairun 2016. Mai gidan da ya ba wanda ba shi da izini haya yana sane zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Daga Fabrairun 2024 tarar ta kai fam 10,000 a kan kowane ɗan haya a karon farko, fam 20,000 idan aka maimaita.

Mu sa kanmu a matsayin mai gidan. Mutum biyu sun zo neman ɗaki ɗaya. Na farko ya miƙo fasfon Birtaniya. Na biyu sunansa Abdullahi ko Chinedu, yana da bizar karatu mai kyau, amma sai an shiga intanet an duba, kuma za a sake dubawa idan wa'adinta ya kusa cika. Kuskure ɗaya, tarar fam dubu goma. Ko da mai gidan ba ya ƙin baƙi, tsoro kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi na farko. Wannan ita ce hujjar da aka kai gaban Babbar Kotun Ingila, kuma a watan Maris na 2019 ta yanke cewa tsarin na haddasa wariya kuma ya saɓa wa haƙƙin ɗan'adam. A Afrilun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin ta bar tsarin, duk da ta yarda cewa wasu masu gidaje na nuna wariyar.

Badaƙalar Windrush ta 2018 ta nuna iyakar inda abin ke kaiwa. Mutanen da suka zo Birtaniya daga tsibiran Karibiyan tun suna yara, suka yi shekara arba'in ko hamsin suna aiki suna biyan haraji, aka wayi gari ana ce musu su kawo takardun da ba a taɓa ba su ba. Wasu sun rasa aiki, wasu sun rasa gida, wasu an tsare su, wasu ma an kore su daga ƙasar. Sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a kan lamarin a watan Afrilun shekarar.

Abin da muka ɗauka

Babu mai musun cewa kowace ƙasa na da ikon sanin wanda ya shigo mata. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, idan aka ɗauke aikin daga hannun jami'in da aka horar aka ɗora wa mai gida, shi ba zai iya karanta biza ba, amma zai iya karanta fuska da suna da karin harshe. Baƙon hauren kuwa ba ya ɓacewa. Yakan koma gari na gaba, ko ya faɗa hannun mugun mai gida da zai cusa mutum goma a ɗaki ɗaya, ya san babu mai kai shi ƙara.

Kakanninmu fatake sun san wani irin mai gida daban. A zangunan Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan, mai gida shi ke saukar da baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu ciniki, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Da haka kasuwanci ya bunƙasa tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Ya kamata mu tuna da wannan a duk lokacin da muka ji an hana wani ɗalibi ɗaki a garuruwanmu saboda jiharsa ko yarensa ko addininsa, domin abin da muke gudu a yi mana a waje ke nan.

Ga masu shirin tafiya Ingila kuwa, ga abin lura. Binciken takardun haya a Ingila kaɗai yake aiki, ban da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa cikin tsarin, don haka wanda ya samu gurbi a can ya huta a shekarar farko. Mai neman haya a cikin gari kuma ya shiga shafin gwamnatin Birtaniya tun da wuri ya ciro lambar da ake ba mai gida domin ya duba izininsa, wadda ke aiki na kwana 90. Idan aka ƙi ba ka ɗaki bayan ka nuna cikakkiyar shaida, ka ajiye saƙonnin da kuka yi musaya ka kai wa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka, domin dokar ƙasar ta haramta wariya saboda launin fata ko asali. Kuma duk gaggawar da dillali zai nuna, kada ka tura kuɗin ɗakin da ba ka gani ba, kai ko wani da ka amince da shi.