James Bond: Abin da ke damun masoyan 007 tun bayan da Amazon ya karɓi ragama

A ƙarshen fim ɗin No Time to Die, wanda ya fito a shekarar 2021, makamai masu linzami sun yi ruwa a kan wani tsibiri, James Bond yana tsaye a kansa bai gudu ba. Wannan ne karo na farko da shahararren ɗan leƙen asirin Ingila ya mutu a finafinan kamfanin Eon tun da aka fara nuna shi a sinima a 1962. Da aka gama jero sunayen ma'aikatan fim ɗin, sai aka rubuta wa ƴan kallo cewa Bond zai dawo. Har zuwa ƙarshen 2025 ba a bayyana jarumin da zai gaje shi ba, kuma a tsakanin nan an sauya masu iko da labarin gaba ɗaya.

Marubucin Birtaniya Ian Fleming ne ya ƙirƙiro Bond a littafinsa Casino Royale na 1953. Fim na farko, Dr. No, Sean Connery ne ya ja shi, kamfanin Eon na Albert Broccoli da Harry Saltzman kuma ya shirya. Daga nan zuwa yau Eon ya fitar da finafinai 25, jarumai shida suka saka kwat ɗin 007: Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. Tun daga GoldenEye na 1995, ƴar Broccoli, Barbara, da ɗan uwanta Michael G. Wilson ne suka riƙe akalar har zuwa 2025.

Ƙorafin da ya fara tun kafin mutuwar

Masoyan Bond sun saba guna-guni. Lokacin da aka zaɓi Craig a 2005, wasu sun ce bai dace ba saboda gashinsa ba baƙi ba ne, har suka yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin. Da Casino Royale ya fito a 2006, yawancinsu suka yi shiru. Skyfall na 2012 kuma ya tara sama da dala miliyar ɗaya, abin da babu wani fim ɗin Bond da ya taɓa yi.

Amma salon zamanin Craig ya raba kan jama'a. A da, kowane fim labari ne mai zaman kansa: a ba Bond aiki, ya je ya gama da mugu, ya dawo da barkwanci a bakinsa. Finafinan Craig biyar kuwa an ɗinke su wuri guda, Bond ya zama mutum mai ciwon zuciya da ke fama da abin da ya wuce. A Spectre na 2015 aka nuna cewa babban abokin gabarsa, Blofeld, tare suka tashi gida ɗaya, lamarin da masu kallo da yawa suka ga ya mayar da rikicin duniya faɗan cikin gida. No Time to Die ya ba shi ɗiya, ya miƙa lambar 007 na ɗan lokaci ga wata jami'a da Lashana Lynch ta fito a matsayinta, sannan ya kashe shi bayan minti 163, tsawon da babu fim ɗin Bond da ya kai. Wasu sun yaba da ƙarfin halin. Wasu kuma suna tambaya: idan wanda aka sani da tsira daga kowane tarko ya mutu, me ya rage a kalla?

Daga hannun dangi zuwa hannun kamfani

A 2022 Amazon ya kammala sayen kamfanin MGM, abokin tarayyar Eon a mallakar finafinan, kan sama da dala miliyar 8. Duk da haka, ikon zaɓen jarumi da labari ya ci gaba da zama a hannun Barbara Broccoli da Wilson. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa ba a jituwa tsakanin ɓangarorin biyu, shi ya sa aiki ya tsaya. Ranar 20 ga Fabrairun 2025 aka sanar cewa su biyun sun ja gefe, Amazon ya karɓi iko. A ranar ce wanda ya kafa kamfanin, Jeff Bezos, ya tambayi mabiyansa a shafin X wa suke so ya zama sabon Bond.

Wannan tambaya ta ƙara tayar da hankalin masoya. Iyalan Broccoli sun yi suna wajen kaffa-kaffa da hajarsu, ba sa fitar da fim sai bayan shekaru, kuma sun daɗe suna ƙin tsinka labarin zuwa shirye-shiryen talabijin. Amazon kuwa yana buƙatar abin da zai riƙe masu biyan kuɗin Prime Video kowane wata. Masoya na nuni da Star Wars, wanda Disney ya saya a 2012 ya yi ta fitar da rassa har wasu suka gaji. Sun kuma tuna gasar 007: Road to a Million ta 2023, wadda ba ta burge da yawa daga cikinsu ba. A Oktoban 2025 Prime Video ya wallafa hotunan tallar tsofaffin finafinan an goge bindigar da ke hannun Bond, aka yi ta yi masa ba'a a intanet har ya janye su.

Akwai dai abin da ya ɗan kwantar da hankula. An ba Amy Pascal da David Heyman, wanda ya shirya finafinan Harry Potter, aikin shirya fim na 26. Denis Villeneuve, ɗan Kanada da ya ba da umarnin Dune, shi ne darakta, yayin da Steven Knight, mai Peaky Blinders, zai rubuta labarin.

Babban aikin da ke gabansu shi ne zaɓen fuska. Craig ya shekara 15 a kujerar, kuma duk wanda aka ɗauka ana sa ran zai riƙe ta shekaru masu yawa. Tazara mafi tsawo da aka taɓa samu tsakanin finafinai biyu ita ce shekara shida, daga 1989 zuwa 1995, kuma GoldenEye da ya biyo bayanta ya farfaɗo da sunan Bond. Masoyan da suka san wannan tarihi da shi suke lallashin kansu, suna jiran ranar da za a faɗi sunan jarumi na bakwai.