Ciwon Gwiwar Hannu: Abin da Na'ura da Filasta Za Su Iya Yi Maka

Mai karatu, ko ka taɓa ɗaga buta ko ka miƙa hannu a gaisa, sai ka ji zafi ya soke ka a gwiwar hannu? Idan ka taɓa ɗan ƙashin da ya turo ta gefen waje, sai ka ji kamar an danna maka miki. Babu kumburi, ba ka kuma faɗi ba, amma riƙon hannunka ya yi rauni. Wannan ciwo sananne ne, kuma yana da magani.

Turawa suna kiransa ciwon gwiwar ƴan wasan tanis, domin a wurin masu wannan wasa likitocin Ingila suka raɗa masa suna, wajen shekarar 1882. Amma kafin haka, a 1873, wani likitan Jamus mai suna Runge ya bayyana shi. Yawancin masu fama da shi ba su taɓa ganin filin tanis ba. A Dakusa da sauran garuruwan gundumar Takieta, cikin jihar Damagaram, ɗan kokowa yana iya samunsa. Haka ma manomi mai riƙe hauya tun safe, da mace mai daka, da mai jan guga a rijiya mai zurfi, da baduku mai ɗinkin fata.

Me ke kawo shi?

Tsokar da ke ɗaga wuyan hannunka da yatsunka tana kwance a bayan hannu. Wata jijiya mai ƙarfi kamar igiya ce ta ɗaure ta a jikin wancan ɗan ƙashi na gwiwa. Duk lokacin da ka damƙe abu da ƙarfi, ko ka murɗa shi, wannan jijiya ce ke ɗaukar nauyin. Ka dubi igiyar guga a inda take gogar itacen bakin rijiya: ba rana ɗaya take tsinkewa ba, zare-zare take sakin jiki. Haka jijiyar take yi idan aiki ya fi ƙarfinta, ba ta kuma samu hutu ba.

Ciwon ya fi kama masu shekara 35 zuwa 54, maza da mata. A cikin manya 100, yakan sami mutum 1 zuwa 3. Ɗan kokowa yakan jawo wa kansa shi idan ya daɗe bai yi atisaye ba, sa'an nan da kaka ta yi, aka buɗe fage, ya shiga kamu da damƙa kullum. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, burin kowane saurayi mai ƙarfi ne ya wakilci jiharsa. Sai dai jijiya ba ta saurin ƙarfafa kamar tsoka.

Ga labari mai daɗi: a cikin mutum 10 masu wannan ciwo, 8 ko 9 sukan warke cikin shekara ɗaya, ko da ba a yi musu wani babban magani ba.

Na'urar bugun sauti

Wataƙila ka ji labarin wata na'ura da ake ɗora wa ƴan wasa a inda ke ciwo. Tana harba bugun sauti mai ƙarfi, ya ratsa fata ya isa jijiya. Ba wutar lantarki ake sa wa jiki ba, ba a kuma yanka. A birnin Munik na Jamus aka fara aiki da irinta a 1980, don farfasa tsakuwar ƙoda. Daga baya likitoci suka rage ƙarfinta, suka gwada ta a kan jijiyoyi.

Ma'aikaci yakan shafa wani mai a fata, ya ɗora kan na'urar, ta yi bugu kamar 2,000 cikin ƴan mintuna. Akan maimaita sau 3 zuwa 5, sau ɗaya a mako. Akwai zafi lokacin da ake yi, wurin kuma yakan yi ja na ƴan kwanaki. Abin da ake fata shi ne bugun ya tayar da jijiyar ta fara gyara kanta, ya kuma rage jin zafi.

To, tana aiki? A 2005 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 9 da aka yi wa mutum 1,006. An yi wa wasu da na'urar gaske, wasu kuma da ta bogi ba tare da sun sani ba. Sakamakon ya nuna bambancin kaɗan ne, ko ma babu. Binciken da ya biyo baya ya rabu: wasu sun ga sauƙi, wasu ba su gani ba. Saboda haka likitoci sukan ajiye ta ga wanda ya yi watanni yana bin sauran hanyoyi bai samu sauƙi ba. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, ko yaron da ƙashinsa bai gama girma ba.

Kada ka sayar da hatsinka ko akuyarka don neman wannan na'ura a birni mai nisa, alhali ba ka gwada abin da ke hannunka ba.

Filasta da maɗauri

Ka lura da filasta mai launi da ƴan ƙwallo ke mannawa a jiki? Wani mai gyaran jiki ɗan Japan, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, duniya kuma ta san ta a wasannin Olamfik na 2008 a birnin Beijin. Tana miƙewa kamar roba. Akwai kuma wata marar miƙewa, da maɗauri irin na ɗamara da ake sawa ƙasa da gwiwa.

Waɗannan suna iya rage zafi na ɗan lokaci, su taimake ka ka riƙe abu. Ba su ɗinke jijiya. Idan za ka ɗaura maɗauri:

1. Ka sa shi kamar faɗin yatsu 3 ƙasa da gwiwa, a kan tsoka, ba a kan ƙashi ba.
2. Ka bar wurin da yatsa ɗaya zai iya shiga.
3. Ka sa shi lokacin aiki, ka cire idan za ka kwanta.
4. Idan yatsu suka yi sanyi, suka kumbura, ko ka daina jin su, ka kwance nan take.

Idan filasta ta sa maka ƙaiƙayi ko ƙuraje, ka ɓare ta.

Abin da ya fi taimako

Na farko, ka rage aikin da ke tayar da ciwon, amma kada ka rataye hannu ka daina motsa shi. Ka ɗauki kaya da tafin hannu yana kallon sama. Ka naɗa tsumma a ƙotar hauya ko ta gatari don ta yi kauri. Ke kuma uwargida, ki raba daka da matsar wanki da wasu, ki riƙa hutawa tsakani. Ɗan kokowa ya dakata da kamu, ya ci gaba da gudu da ƙarfafa ƙafa.

Na biyu, ka ƙarfafa jijiyar a hankali. Zauna, ka ɗora hannun a kan cinya, tafi yana kallon ƙasa, wuyan hannu ya wuce gwiwar ƙafa. Riƙe gorar ruwa ta rabin lita. Ka ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sa'an nan ka saukar da shi shi kaɗai a hankali, kana ƙirga 1 zuwa 5. Yi sau 10, ka huta, ka maimaita har zagaye 3 kowace rana. Ɗan zafi kaɗan ba laifi ba ne. Idan ya ƙaru har washegari, ka rage ruwan. Sai ka yi wata 2 ko 3 kafin ka ga amfani sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za ka kiyaye

Wannan ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba, don haka ɗori ba shi da aiki a nan. Sakiya da tsaga miki kawai za su ƙara maka. Kada ka sha Taramol don ka iya shiga fage ko gona: yana ɓoye zafin, jijiyar tana ƙara lalacewa, ga haɗarin kamuwa da shansa. Allurar kotizon tana kawo sauƙi na ƴan makonni, amma bincike a Holan a 2002 da Ostareliya a 2006 ya nuna ciwon ya fi dawo wa waɗanda aka yi musu ita.

Yaushe za ka je likita?

Ka tafi gidan likita mafi kusa ba da jinkiri ba idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ta ƙi miƙewa, ko yatsu suna mutuwa. Haka nan idan ka yi mako 6 kana bin wannan shawara babu sauƙi. Idan da bukata, ma'aikacin lafiya zai ba ka takarda zuwa babban asibitin Damagaram, a duba hannun da kyau.