Yadda Muka Gyara Gaban Akori-kurar Ƙungiyarmu

'Yan'uwa manoma, zafin rana da hunturu sun tsattsaga dashbod ɗin tsohuwar akori-kurarmu, Fijo 504. Ƙura tana shiga ta tsagar, tana taruwa kan wayoyin wuta. Da muka ji kuɗin sabo, sai muka tuna takin bana bai samu ba tukuna.

Muka nufi Babbar Kasuwar Katsina, muka sayo gam ɗin Araldite da samfefa. Muka daidaita bakin tsagar da reza, muka wanke ta bushe sarai, muka cike da gam. Bayan kwana ɗaya muka goge. Baduku ya yanka mana jar fatar akuya, muka lulluɓe. Ku lura, kada fatar ta toshe ramukan iska na gindin gilashi.

Yanzu a inuwar darbejiya direbanmu yake ajiye motar.