Irin Samaru da jita-jitar "ba ya sake fita"

Duk inda manoma suka zauna a Paki, ko a kasuwannin Ikara da Makarfi, aka tayar da zancen irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, sai wani ya ce ai shuka ɗaya ake yi masa, baɗi ba ya fita. Wani kuma ya ƙara da cewa yana hana haihuwa. Tun da Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shi a 2024, zancen ya ƙara samun gindin zama.

Abu biyu ake cakuɗawa. Masarar da aka yi wa aure, wadda dillalai ke kira haibirid, ta daɗe a gonakinmu. Idan ka ajiye irinta za ta fita, sai dai 'ya'yan su rarrabu kamar jikoki: wannan ya ɗauko kakansa na wajen uwa, wancan na wajen uba, amfanin ya ragu. Wannan halin aure ne, ba sauyin ƙwayar halitta ba. Wake kuwa furensa kansa yake yi wa barbara, don haka SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ana iya ajiye irinsa kamar kowane wake.

Me aka sa masa? Ƙwayar halitta guda daga wata ƙwayar bakteriya mai zama a ƙasa, wadda ke sa shukar ta haɗa wani sinadari. Sinadarin makulli ne, kwaɗonsa yana cikin hanjin tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Hanjin mutum ba shi da wannan kwaɗo, sai ciki ya narkar da shi kamar sauran abinci. Gishirin da ke kashe matsattsaku shi muke zubawa a miya. Tokar da ke korar ƙwari a rumbu ba ta taɓa hana kowa cin tuwo ba. Haka aka yi wa masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, da aka saki a Janairun 2024 don tsutsar da ta addabi masara tun 2016.

Abin mamaki, mai tsoron wannan iri shi ne za ka gani da tankin feshi a baya, ba takunkumi, ba takalmi, yana motsa magani da hannu, sau shida ko takwas a damina ɗaya. Sabon waken sau biyu yake buƙata, saboda sauran ƙwarin da sinadarin ba ya taɓawa. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu, kuma fiya-fiyar da ake zuba masa ce ta jawo.

Ba cewa nake a rungumi komai ido rufe ba. Burkina Faso ta yi watsi da audugar da aka sauya wa ƙwayar halitta a 2016 domin zarenta ya gajarce. Tsutsa ma kan saba da sinadarin idan ba a bar wani gefe da irin gargajiya ba. Sa ido a kan wannan duka aikin hukumar NBMA ne, wadda doka ta kafa a 2015, kuma sai da izininta ake gwaji ko sakin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Amma takardar izini tana Abuja, iri kuwa da mudu ake auna shi a kasuwa, ba suna, ba tambari. Manomin Kudan da ya saya, wa zai tambaya? Malamin gona kan yi damina guda bai leƙo ba, alhali daga Kudan zuwa Samaru tafiyar safiya ce.