Kirsimeti biyu a gida ɗaya: yaran Habasha da aka kai riƙo Amurka

Ranar 7 ga Janairu, a yawancin unguwannin Amurka biki ya riga ya watse. An kwance fitilu, an jawo bishiyoyin Kirsimeti an jingine a bakin titi suna jiran motar shara, yara sun koma makaranta cikin dusar ƙanƙara. Amma akwai gidaje, a Minnesota ko Seattle ko kewayen birnin Washington, da ranar ce ake sammakon yanka albasa. Albasa mai yawa, har idanu su yi ja. A zuba ta a tukunya ba mai ba ruwa, a yi ta juyawa a kan ƙaramar wuta har ta narke, sannan a sa man shanun da aka soya da kayan ƙamshi, a kawo jan yajin da ake kira berbere, kaza da dafaffen ƙwai su biyo baya. Wannan ita ce doro wat, miyar da Kiristocin Habasha ke buɗe baki da ita ranar Genna, wato Kirsimetinsu, bayan sun shafe kwana 43 ba nama ba madara. Matar da ke tsaye a kan tukunyar Baturiya ce, da girmanta ta koyi girkin. Yarinyar da ake yi dominta a Habasha aka haife ta, amma yau sunan mijin matar nan take amsawa.

Irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne. Daga 1999 zuwa lokacin da aka rufe ƙofa, iyalan Amurka sun ɗauki yara sama da 15,000 daga Habasha. A 2010 kaɗai an kai fiye da 2,500, kuma a shekarar Sin ce kawai ta fi Habasha tura yara Amurka. A watan Janairun 2018 majalisar dokokin Habasha ta haramta bai wa 'yan ƙasashen waje riƙon yara. Cikin abubuwan da suka tunzura jama'a har da mutuwar wata yarinya 'yar shekara 13 a jihar Washington a 2011, wadda yunwa da sanyi suka kashe a harabar gidan masu riƙonta. Kotu ta same su da laifi a 2013. Ƙofa dai ta rufu, amma waɗanda suka riga suka ƙetare suna can, da yawansu yanzu samari ne da 'yan mata, wasu har sun shiga jami'a.

Kalmar riƙo da nake amfani da ita ba ta ɗauke ma'anar duka ba. A wurinmu, in gwaggo ta ɗauki ɗan ƙaninta, yaro ya san ubansa, da sunansa ake kiransa, da Sallah a kai shi gaisuwa gidansu. Musulunci ya tsaya kai da fata a kan haka tun zancen Zaidu ɗan Harisa: a riƙe maraya, a kyautata masa, amma kada a sauya masa uba. A tsarin Amurka kuwa, kotu ce ke yanke dangantakar farko ɗungurungum. Akan ba yaro sabuwar takardar haihuwa ɗauke da sunayen sabbin iyaye, ya ci gadonsu, ya zama nasu ta kowace fuska ta doka. Abin da takarda ta share shi ne iyayen kirki suke ƙoƙarin dawo da wani yanki nasa ta hanyar tukunya da kalanda.

Kalandar Habasha kuwa tana da abin biki. Watanninta 13 ne, tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas. Sabuwar shekara, Enkutatash, tana faɗowa 11 ga Satumba, lokacin da damina ke ɗaukewa, tsaunuka su rufe da wani fure ruwan ɗorawa. Akwai Meskel a ƙarshen Satumba, da ake kunna babbar wuta, akwai Timkat ranar 19 ga Janairu. Saboda haka gidan da ya ɗauki abin da gaske yakan wayi gari da bukukuwa ninki biyu: talo-talo ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba kamar kowane Ba'amurke, Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, bayan mako biyu kuma a shimfiɗa injera, wadda ta yi kama da faffaɗan sinasir mai tsami, a sa wa yarinya farar rigar saƙi mai ado a baki. A ci da hannu a faranti ɗaya. Uba ya naɗo loma ya sa wa 'yarsa a baki, abin da Habashawa ke kira gursha, alamar ƙauna da girmamawa. In an samu wadda ta iya, a gasa ɗanyen kofi a gaban kowa, a turara lubban, a sha zagaye uku.

Ban raina wannan ba ko kaɗan. Waɗanda aka ɗauko daga Koriya ta Kudu bayan yaƙin shekarun 1950, su wajen 200,000 da aka rarraba a Amurka da Turai, da yawansu sun tashi a garuruwan da babu mai kama da su, a zamanin da ake ganin gara yaro ya manta. Su ne da suka girma suka buɗe baki suka faɗi abin da mantuwar ta yi musu, kuma albarkacin maganarsu iyayen baya suka fara neman girki da yare da sansanonin hutu inda yara ke haɗuwa da 'yan uwansu.

Sai dai akwai tambayar da ba kowa ke tsayawa ya yi ba: wace Habashar ake dafawa? Genna da Timkat bukukuwan cocin Orthodox ne, kalmomin da ake liƙawa a jikin firji kuma kusan kullum na Amharik ne. Alhali yara da yawa daga kudu aka ɗauko su, daga ƙasar Sidama da Wolayta da Hadiya da Kambata, inda yare daban ne, coci ma sau da yawa daban, abincin yau da kullum kuma ƙocho ne da ake yi da wata shuka mai kama da ayaba. Babban bikin Sidama shi ne Fichee-Chambalaalla, na Oromo kuma Irreecha. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar Musulmi ne, ƙasar da ta karɓi hijirar farko a zamanin Najjashi. To yaron da uwarsa ta goya shi zuwa filin Idi, in aka tashe shi a kan cewa Genna ce gadonsa, an ba shi ƙasarsa amma ba a ba shi gidansu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta nemi a kula da ƙabila da addini da yaren yaron da aka sauya wa gida, kuma yaron nan take nufi, shi kansa, da garinsu da yarensu. Iyayen da suka fi burge ni su ne waɗanda suka koma kan takardu suka nemo sunan ƙauyen tukuna, kafin su sayi littafin girki.

Akwai kuma ranar da wasu gidaje ke yanka kek duk shekara don tuna ranar da aka miƙa musu yaro. Amurkawa da dama suna kiranta da wani suna mai ma'anar "na kama ka", sunan da manyan da aka riƙa suka daɗe suna kuka da shi, har wasu suka koma cewa ranar iyali. Ga uwar riƙo, ranar ce aka share mata hawaye. Ga yaro, ranar ce ya rabu da mai renonsa, da ƙamshin da ya sani, da duk bakin da yake ganewa. Ranar haihuwa ma ba ta tsira ba, domin a takardun yara da yawa ƙiyasi aka yi, wasu an rage musu shekaru. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga yaro ya birkice ana tsaka da murna, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ba rashin godiya ba ne. Uwa mai hankali takan bar baƙi ta je ta zauna a bakin ƙofar, ba ta ce komai ba, har ya buɗe.

Biki kwana ɗaya ne, sauran kwanakin shekara su ne aikin. A watannin farko, mai shara takan tarar da guntun burodi a ƙarƙashin matashin kai, ko ayaba ta ruɓe a aljihun jaka. Yaron da ya san layin abinci a gidan marayu bai yarda gobe za a samu ba. Masana kan ba da shawarar a ajiye masa ɗan kwandon abinci nasa na kansa maimakon faɗa. Barci shi kaɗai a ɗaki, abin da Amurkawa suka saba, tashin hankali ne ga wanda bai taɓa kwana ba tare da jin numfashin wani ba. Ga gashi: uwar da ba ta taɓa riƙe matajin kitso ba dole ta koyi shafa mai da tsaga, ko ta tuƙa mota mai nisa zuwa shagon baƙar fata. Ga makaranta, ranar da malama za ta ce kowa ya kawo hotonsa na jariri ko ya zana jerin kakanninsa. Ga asibiti, inda likita zai tambayi ciwon da ke bin dangi. In namiji ne kuma, yana kai shekara 15 titi ba ya ganin ɗan gidan Turawa, saurayi baƙar fata yake gani, kuma uban da bai taɓa fuskantar haka ba shi ne zai koya masa yadda ake magana da ɗan sanda.

Yare shi ke fara tafiya, cikin 'yan watanni. Amma ba ya tafiya duka. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun duba ƙwaƙwalwar 'yan matan da aka ɗauko daga Sin suna da kimanin shekara ɗaya, suka tashi ba su jin komai sai Faransanci. Da aka sa musu sautuka masu hawa da saukar murya irin na Sinanci, sai ƙwaƙwalwarsu ta amsa kamar ta masu jin yaren, ba kamar ta Faransawa zalla ba. Bahaushe, da ɗaga murya kaɗai ke raba masa kalma da kalma, zai gane zurfin wannan.

Abu mafi nauyi shi ne, da yawan yaran ba marayu ba ne. An samu iyaye a ƙauyukan Habasha da suka sa hannu suna zaton riƙo ne irin wanda suka sani, yaro ya je ya yi karatu ya dawo. Mu ma abin ya taɓa zuwa kusa da mu. A watan Oktoban 2007 aka tare wata ƙungiyar Faransa, Arche de Zoé, a Abeche ta Chadi, tana shirin fita da yara 103 a matsayin marayun Darfur, bincike kuma ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne masu uwa ko uba a raye. A Koriya ta Kudu, hukumar bin diddigin gaskiya ta tabbatar a watan Maris na 2025 cewa an yi ta ƙirƙirar takardun ƙarya a harkar tura yara waje.

Don haka a wasu gidajen, babban abin da ke faruwa ranar Genna ba a tukunya yake ba. Waya ce ake jinginawa a jikin kofi a kan tebur, da tafinta a tsakani, wata mata a can kudancin Habasha tana kallon fuskar 'yar da ta haifa, tana kiranta da sunan da ta raɗa mata. Akan yi kuka, a yi shiru, layi ya yanke a sake kira. Iyalan da suka kai nan sun biya mai nema ya bi ƙauye ƙauye da hoto a hannu, wasu sun tara kuɗin jirgi sun je da kansu. A ganina, su ne suka riƙe amanar da aka ba su. Wanda ya iya miyar amma ya kulle takardun yaro a akwati, ya hana shi tambaya, bai sauke nauyin ba tukuna.